In Za a Sauya Fad Ɗin Birki, Faifai Ma Sai Ya Tafi?

Motar da ke kai-komo a Zariya tsakanin Kongo da Samaru, ta ratsa Tudun Wada, ta haye Kubanni, ta kutsa cunkoson PZ, ta wuce Kwangila, birkinta ba ya samun hutu. Nan ɗan acaɓa ya gitta, can mai Keke ya tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, gaba kaɗan ga tudun rage gudu. Shi ya sa fad ɗin birki ke saurin cinyewa a irin wannan hanya fiye da na motar da aikinta doguwar tafiya a titin Kaduna zuwa Kano. Ranar da aka kai ta gareji aka cire taya, sai maganar faifai ta taso, kuma amsa biyu aka saba ji. Wani bakanike zai ce, "Alhaji, faifan nan ya ci, gara a haɗa da shi," tun bai ko taɓa shi ba. Wani kuma zai ce, "Ranka ya daɗe, faifai ai ƙarfe ne, ba ya mutuwa," ya jefa sabon fad a kan duk abin da ya tarar. Dukansu biyu da ido da al'ada suka yanke hukunci. Ra'ayina shi ne wannan hukunci na awo ne. Kamfanin da ya ƙera faifan ya rubuta iyakarsa a jikinsa, kuma aikin minti goma ya isa a gane ko ya kai iyakar ko da saura. Sauya fad bai wajabta sauya faifai ba, amma ya wajabta auna shi.

Kafin a zo ga awon, ya kamata a san aikin faifan. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi. Idan aka taka, man birki ya tura fistin da ke cikin kalifa, fad biyu su matse faifai ta gaba da baya, gugar da ke tsakaninsu ta zama zafi, faifan ya shanye zafin sannan ya sake shi ga iska. Motar da nauyinta da na mutanen ciki ya kai kilo 1,500, in tana gudun kilomita 100 a awa aka tsayar da ita cak, zafin da ke fitowa zai iya kai ruwan sanyi kusan lita 2 ga tafasa, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙi yake fitowa. Mafi yawansa ƙafafun gaba ke ɗauka, domin nauyin mota gaba yake rinjaya a lokacin tsayawa. In gudu ya ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. To kaurin faifai shi ne ma'ajiyar wannan zafi. Kaskon tuya da ya sha wuta har gindinsa ya yi siriri nan da nan yake ɗaukar zafi ya ƙona abin da ke ciki, haka faifan da ya zaizaye. Zafin da ya kasa riƙewa sai ya koma kan fad ya rage masa kamu, ya wuce kalifa ya isa ga man birki. Sabon man DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma wanda ya daɗe ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140, kuma da ya tafasa sai feda ta nutse ƙasa babu kamu.

A gefen kowane faifai na kirki, ko a wuyansa inda yake zama kan hob, akwai rubutu da aka buga a ƙarfen: MIN TH, sai lamba a milimita. Wannan ita ce mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda a yi aiki da shi. Tsatsa da jar ƙasa sukan rufe rubutun, sai an goge da burushin waya. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar ratar. Faifan gaba na Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 yana zuwa da kaurin milimita 25, iyakarsa 23. Wato duk rayuwar faifan milimita 2 ce, ɗaya a kowace fuska, kuma a yawancin ƙananan motoci ratar ba ta wuce 2 zuwa 3. Babu idon da zai bambanta 23.6 da 22.8 daga tsugune. Ana awon ne da maikuromita, a wurin da fad ke gogawa, kamar milimita 10 daga baki, kuma ba a wuri ɗaya ba: a zagaya faifan a auna wurare shida ko takwas, a ɗauki mafi ƙanƙanta. A kula da leɓen da ke tasowa a bakin tsohon faifai, inda fad ba ya kaiwa. Wanda ya ɗora ma'auni a kan wannan leɓe zai samu kaurin sabon faifai, ya ce lafiya lau, alhali tsakiya ta cinye. Leɓen kansa shaida ne. In farce ya maƙale a kansa sosai ta fuska biyu, faifan ya kusa iyaka ko ya wuce.

Akwai lissafin da ko masu awon ma sukan tsallake. Tambayar ba ta tsaya ga ko faifan ya haura iyaka yau ba, har da ko zai kai ƙarshen sabon fad ɗin da za a sa masa. A ce faifan Corolla ɗin nan ya sauko daga 25 zuwa 24.3 a zamanin fad guda, to ya ci 0.7, wani zagayen zai kai shi 23.6, yana da sauran rai, a bar shi. In kuwa an same shi a 23.4, yau yana cikin ƙa'ida, amma kafin sabon fad ya ƙare zai faɗa ƙasa da iyaka, kuma ba wanda zai sake cire taya ya duba sai ƙara ta tashi. Irin wannan gara a sauya shi yanzu da taya ke ƙasa, ko mai mota ya san cewa bashi ya ɗauka na 'yan watanni.

Bayan kauri sai fuska. Siraran layuka masu zagaye da ake gani a kowane faifan da ya yi aiki ba aibi ba ne, balle a Zariya inda ƙurar hunturu da yashin damina ke shiga tsakanin fad da ƙarfe. Abin dubawa shi ne rami mai zurfi, irin wanda ke samuwa in an bar fad ya ƙare har ƙarfen bayansa ya riƙa cin faifai. Wannan ita ce ƙarar gurzar da direbobi ke ji su ce bari a kai ƙarshen wata, kuma kwana kaɗan na irin wannan tuƙi ya isa ya kashe faifan da zai yi shekaru. Sabon fad a kan fuska mai ramuka tudun kawai yake taɓawa, kamu ya ragu, fad ɗin ya cinye a karkace. Tsagewa kuwa ba ta da magani. In aka ga tsaga da ta kai baki ko ta nufi ramukan noti, faifan ya gama, kuma kada a yarda mai walda ya like shi, domin narkakken ƙarfen da ake zuba faifai da shi ba ya karɓar walda ta yadda zai jure zafin birki. Tabo mai shuɗi-shuɗi a fuska alama ce ta wurin da ya yi zafi fiye da kima har ƙarfen ya taurare, kuma sau da yawa ko an kankare yakan dawo. Tsatsa ja ta sama-sama da ke fitowa bayan ruwan dare ba komai ba ce, taka birki biyu uku ya share ta. Wadda ke da haɗari ita ce mai ɓarewa kamar ɓawo, musamman a cikin ramukan iska da ke tsakiyar faifan gaba.

Sai rawar sitiyari, wadda ta fi komai sa a sayi faifai a banza. Direba ya taka birki a kan gudu, sitiyari ya kama karkarwa ko feda ta riƙa bugun ƙafa, sai a ce faifai ya lanƙwashe. Galibi abin da ya faru shi ne kaurinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa a ji shi a ƙafa. Daga ina bambancin ke zuwa? Yawanci daga zama a karkace. In akwai tsatsa ko yashi tsakanin faifai da hob, ko an ɗaure notin taya da tsalle a kan sufana, wani ya matsu wani bai matsu ba, faifan zai riƙa layi yana shafar fad a wuri guda duk juyi, har wurin ya zaizaye. Toyota kan ba da iyakar wannan layi a wajen milimita 0.05, notin taya kuma a ɗaure shi daidai wa daida, a tsallake-tsallake, da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Haka nan tsayawa cak da ƙafa a kan birki bayan ya yi zafi sosai yakan bar tambarin fad a fuskar faifai. Abin lura a nan shi ne, in ba a gyara musabbabin ba, sabon faifai ma bayan 'yan watanni zai kama rawa. Kuma in sitiyari na rawa ko ba a taka birki ba, a nemi laifin wajen taya, ko boris, ko tayarod, a ƙyale faifai.

Masu cewa a riƙa sauya faifai duk lokacin da aka sauya fad suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sabon fad a kan sabon faifai ya fi saurin zama, ya fi shiru, kuma haka garejoji da yawa ke yi a Turai da Amurka. Sai dai a duba dalilinsu. A can kuɗin aikin bakanike na awa guda yakan kai kuɗin faifan ko ya fi, saboda haka ya fi musu araha su sauya komai a zama ɗaya da su sake buɗe ƙafar mota, ga kuma gudun kada mai mota ya dawo yana ƙorafin ƙara. Gishirin da suke zuba wa tituna lokacin ƙanƙara ma yana cin faifai da wuri. A Tudun Wada lissafin a juye yake: aikin hannu ne mai sauƙi, kayan gyara ne masu tsada, tun ba yanzu da canjin kuɗi ya ɗaga farashin duk abin da ake shigowa da shi. Kuma su kansu masu ƙera motoci ba su ce a yi haka ba. General Motors, alal misali, ya daɗe yana umurtar garejojinsa da kada su kankare ko su sauya faifai don kawai an sauya fad, sai in akwai rawa, ko ramin da ya wuce zurfin milimita 1.5, ko kauri ya gaza. Wanda ya cire faifan asali mai sauran rai ya sa na kasuwa da bai san asalinsa ba, yana iya biyan kuɗi ya koma baya.

Ɗaya ɓangaren, masu cewa faifai ba ya mutuwa, ya fi yawa a wajenmu, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Hujjarsu ita ce, "Malam, ai birkin na kamawa." Gaskiya ne yana kamawa, kuma zai ci gaba da kamawa daga Kongo zuwa Ƙofar Doka har shekara, domin tafiyar cikin gari ba ta tambayar faifai abin da ba shi da shi. Ranar tambaya ita ce ranar da aka cika Sharon da fasinja da kaya, ana gudu a hanyar Kano, tirela ta tsaya a gaba, ko ranar da ake saukowa daga tsaunukan Jos ƙafa na kan birki minti bayan minti. Iyakar da kamfani ya rubuta don wannan rana aka rubuta ta. Akwai kuma wani haɗari da ba ruwansa da zafi: faifai siriri tare da fad da ya cinye suna sa fistin ya fito fiye da inda aka tsara masa, har ya iya karkacewa ko robarsa ta saki mai. Maganar rashin kuɗi kuwa gaskiya ce, ba a raina ta. Amma awon nan shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi, domin shi zai hana a sayar masa da abin da bai buƙata, shi kuma zai gaya masa lokacin da ba makawa. In faifan ya gaza kuma aljihu bai kai ba, gara a rage wa motar aiki, a bar doguwar tafiya da lodi har a samu, da a rufe taya a ce Allah ya kiyaye alhali an ga lambar.

Tsakanin bari da sauyawa akwai hanya ta uku, wato a kai faifai wurin masu injin kankare ƙarfe su gyara masa fuska. Yana da amfani in faifan na da kauri sosai, matsalarsa rami marar zurfi ce ko ɗan bambancin kauri. Amma kankara daga cikin milimita 2 ɗin nan take ci. In aka cire 0.3 a kowace fuska, an tafi da kusan sulusin rayuwar faifan a zama ɗaya. Saboda haka awon da ke da muhimmanci shi ne na bayan kankara, kuma sai an bar rata sama da iyaka. Sannan aikin na son gwani. Wanda ya ɗaura faifai a karkace a kan inji zai dawo da shi yana ƙyalli amma yana layi fiye da da, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gurza fuska da injin hannu na masu walda ba kankara ba ce, ɓarna ce.

In hukunci ya faɗa kan sauyawa, sai tambayar da kowane mai mota ya sani: sabo ko na Beljiyam? Masu son na Beljiyam suna cewa ƙarfen asali ne, ya fi sabon da ba a san inda aka zuba shi ba, kuma sau da yawa suna da gaskiya game da ingancin ƙarfen. Abin da suke mantawa shi ne faifai kayan cinyewa ne. Wanda aka ciro daga motar da ta yi shekaru a Jamus ko Kanada ya riga ya ba da wani rabo na milimitocinsa, wani ma don ya gaza aka cire shi, ga tsatsar gishiri a ramukan iskarsa. Don haka ko a Sabon Gari za a saya, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da ma'auni, a auna a gaban mai shago, a nemi guda biyu masu kauri ɗaya. Na Beljiyam da ya rage saura 0.4 ya kai iyaka ba araha ba ne ko nawa aka sayar. Sabo kuma a ɗaga shi a ji nauyinsa a gwada da tsohon, a leƙa ramin iskar da ke tsakiya. Masu ƙera na bogi sukan faɗaɗa ramin su rage kaurin fuskokin biyu, sai faifan ya cika awo daga waje amma naman ƙarfen babu. Kayan da aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da alamar R90, ƙa'idar da ta fara da fad, aka faɗaɗa ta zuwa faifai a 2016. Alamar na taimakawa, sai dai mai jabu ma ya iya buga tambari a kwali, don haka ba ta maye gurbin dillalin da aka sani kuma za a iya komawa wurinsa. Kowanne aka zaɓa, biyu ake sauyawa, hagu da dama. Sabo a gefe ɗaya tsoho a ɗaya yana sa mota ta fizga gefe in an taka da ƙarfi.

Za a ce duk wannan zance ne na masu kayan aiki, garejin bakin titi ina ya ga maikuromita? Wannan uzuri ya tsufa. Ma'aunin baniya na zamani mai nuna lamba ana samunsa a shagunan kayan aiki, kuɗinsa bai kai na faifai biyu ba, kuma zai yi shekaru yana aiki. Matsalarsa ɗaya, leɓen bakin faifai yana hana shi zama, dabarar kuwa sananniya ce: a ɗora washa ko tsabar kuɗi ɗaya a kowace fuska, a auna duka, a cire kaurinsu. Masu injin kankara kuma ba sa rabuwa da ma'auni, ana iya kai musu faifan. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya bai kamata a ce ana yanke hukuncin birki a cikinsa da shafa yatsa ba. Mai mota ba sai ya iya aikin ba. Ya isa ya ce, "Oga, nawa aka rubuta, nawa ka samu?" Bakaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Ko an bar tsohon faifai ko an sa sabo, yadda aka haɗa shi ke nuna ko kuɗin ya yi amfani. In tsohon ne, a bi fuskarsa da samfefa sama-sama don a cire ƙyallin tsohon fad. In sabo ne, a wanke man hana tsatsa da ke jikinsa tas, a goge fuskar hob har ƙarfe ya fito. Kada a bar kalifa na reto a jikin tiyon mai, a rataye shi da waya. A duba tsofaffin fad ɗin kafin a jefar: in ɗaya ya cinye ɗaya na nan, sandunan da kalifa ke zamewa a kai sun ƙafe, sai a wanke su a sa musu giris ɗin birki, in ba haka ba sabon ma haka zai cinye. Kafin mota ta motsa a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin fistin da aka mayar ciki sai ya dawo, kuma takun farko fanko ne. Daga nan a nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a kai kilomita 60, a taka a hankali amma da nauyi har a sauko wajen 10, a saki ba tare da an tsaya ba, a maimaita sau takwas zuwa goma, sannan a yi 'yar tafiya birkin ya huce. A kilomita 200 zuwa 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi sai dole, kuma kada a kai motar wurin wanki a watsa wa faifai ruwa yana da zafi. Lambar da aka samu a awon yau a rubuta ta tare da kilomitar motar a ajiye cikin takardunta, domin da ita za a gane yawan abin da faifan ke ci idan wannan fad ɗin ma ya ƙare.